Ajiyar da Na Kai wa Baduku

Shekarun baya, lokacin da nake tuƙin tasi a birnin New York, na taɓa yin wata gwaninta da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na sha ba da labarin a gida, kuma duk sanda na kai ƙarshe sai uwargida ta ce, “Ai na faɗa maka.” To yau ku ma bari in ba ku.

A lokacin ban daɗe da zuwa ƙasar ba. Karatu na zo yi, karatun ya fi ƙarfin aljihuna, sai na kama tuƙi da rana ina zuwa aji da yamma. Wanda bai taɓa ɗaukar fasinja a filin jirgin JFK ba, ba zai gane irin jiran da ake sha ba. Akwai wani makeken fili da ake jera motoci layi-layi, ka shiga ka kashe mota, ka zauna har a kira layinku. Wata rana awa ɗaya, wata rana uku. Kowa da yadda yake kashe lokacinsa: masu karta, masu musun ƙwallo, masu barci da hula a fuska. Mu Hausawa ba mu da yawa, mukan taru ne a gefen da ake salla, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan zangon Kumasi, ana shan shayi ana gulmar fasinja.

A wajen sallar nan na fara lura da wani dattijo ɗan ƙasar Bangaladash. Gajere ne, siriri, da farin gemu da tabarau mai kauri, kuma kullum yana sahun gaba. Da an idar da Azahar sai ya koma motarsa, ya bar ƙofa a buɗe, ya ciro wani littafi daga aljihun mota ya duƙufa. Littafin ya tsufa tukuf. Bangonsa wani ƙyalle ne da aka ɗinke da hannu, ya koɗe har ba ka iya cewa ga launinsa na asali, ya sha maiƙon hannu, gefe-gefensa duk ya zare. Yadda yake riƙe shi da hannu biyu, da yadda yake shafa bangon da babban yatsa kafin ya buɗe, ni ban yi wata tantama ba, na ce littafin addu'o'i ne. Har rage murya nake yi in zan gifta ta kusa da motarsa.

Wata rana jarrabawa ta matso, ni kuma ban shirya ba, sai na je na rusuna na gaishe shi. Na ce, “Baba, in ka zo wajen addu'a a littafin nan, a sa ni a ciki.”

Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi littafin, sai ya fashe da dariya har da tari.

“Addu'a?” ya ce. “A nan ciki? Ɗana, labarin 'yan yajin aiki ne.”

Na yi tsuru-tsuru. Ya matsa mini na zauna, ya buɗe ya nuna mini. Rubutun harshensu ne na Bangali, haruffan duk sun rataya a jikin layi kamar shanya a igiya. Ya ce ƙagaggen labari ne da aka rubuta da Rashanci tun zamanin kakanni, kan ma'aikatan masana'anta da suka gaji da zalunci suka tashi tsaye, aka fassara shi zuwa harshensu. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa irin waɗannan littattafai daga Mosko ake bugo su, takarda mai kyau, ga araha, ɗalibai suna karɓa hannu da hannu. In ka ce ba ka karanta ba, ba a ma sa ka a cikin hira.

Ni kuwa na tashi ne da jin cewa ɗan kwaminis da kafiri duk kanwar ja ce. Ban ɓoye masa ba. Na ce, “To Baba, kai da kake sahun gaba, me ya haɗa ka da littafin mutanen da ba su san Allah ba?”

Ya ce, “Littafin nan bai taɓa hana ni salla ba. Sallar ma ba ta taɓa hana ni jin haushin mai garejin da muke hayar motarsa ba. Kai ba ka jin haushinsa?”

Ina ji mana. Daga ranar muka ƙulla.

Abin ya zama mana al'ada. Duk ranar da layi ya haɗa mu, bayan Azahar sai in bar majalisar shayi in tafi motarsa. Ya karanta jimla da Bangali, ya tsaya, ya juya mini ita da Turancinsa na direba, ni kuma in ce, “Na'am.” Sak yadda muke ɗaukar karatu a zaure a Kano, malam ya ja baƙi ya fassara. Abokaina Hausawa suka sa ni a gaba da tsiya, wai na samu sabon shehi, a tambaye ni ko na kusa sauka a yanka rago. Shi kuma Baba ya laƙaba mini Kwamared, ni ina kiransa Baba, haka muka tafi har ƙarshe.

Ban yi zaton labarin zai kama ni ba. Ina ruwan Bakano da dusar ƙanƙarar Rasha da 'yan sandan sarkinsu? Amma da aka zo inda ma'aikata suka iske ƙofar masana'anta a garƙame, suka yi cirko-cirko da ƙunshin abincinsu a hannu, sai na tuna gida. Mahaifina ya yi shekara da shekaru yana aiki a wata masaƙa a Kano. Ina yaro aka rufe ta, kuma na tuna ranar da ya dawo gida da hantsi, da kwanon abincinsa ko buɗewa bai yi ba. Ban taɓa ba kowa wannan labarin a Amurka ba sai Baba. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, “Ka gani? Mahaifinka ma yana cikin littafin.”

Mukan yi musu kuma. In ce masa mutanen nan suna da taurin kai, su yi haƙuri mana. Ya ce haƙuri kala biyu ne, akwai na mumini akwai na jaki, kuma masu masana'anta na biyun suke so. Wani lokaci ana tsakiyar wuri mai daɗi sai a kira layinmu, kowa ya ruga motarsa, in wuni ina tuƙi ina tunanin ko an kama mutumin da ke cikin labarin ko ya tsira. Rabin shekara muka yi a haka, ba mu wuce rabin littafin ba. Abu ɗaya ne ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba: labarin wannan tsumman da ke jikin littafin. Ni a ganina talauci ne kawai da tsufa.

Ana nan sai ya samu tafiya Umara, shi da matarsa, na mako uku. Ranar da zai yi sallama ya miƙo mini littafin a cikin leda. Ya ce ba zai shiga ƙasa mai tsarki da 'yan yajin aiki a jaka ba, kuma ba zai bar shi a gida ba, don 'yarsa ta sa ido a kan tsofaffin kayansa, in ta samu gidan ba kowa sai ta yi shara.

“Riƙe mini, Kwamared,” ya ce. “Ajiya ce.”

Na ce, “Baba, ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba.”

Na kai shi gida na ɗora a saman durowa. Kwana biyu ina kallonsa, sai zuciya ta fara kitsa mini alheri. Mutumin nan ya yi wata shida yana koya mini karatu ko ruwa bai taɓa sha a hannuna ba. Ga littafin da ya fi so a duniya yana yawo cikin tsumma. Me zai hana in sa a yi masa bango na fata, irin namu na Hausa, jar fatar akuya mai zane, ya dawo ya ga abin mamaki? Har na hango shi yana rungume ni a gaban jama'a.

Na faɗa wa uwargida ina baki har kunne. Ba ta ko ɗago daga yankan kuɓewar da take yi ba.

Ta ce, “Maigida, ajiya aka ba ka, ba gyara ba.”

“Ke ba ki gane ba. Surprise zan yi masa.”

“To ka kira shi ka tambaya mana.”

“In na tambaya ai ya tashi daga surprise.”

Ta ce, “Allah ya ba da sa'a,” da irin muryar da duk mai aure ya san ma'anarta. Ni kuwa na ce a raina mata ba su san harkar littafi ba.

A unguwar Harlem, kan titi na 116 inda shagunan mutanen Afirka ta Yamma suke, akwai wani baduku mutumin Nijar da yake zama a bayan shagon wani tela. Yana gyaran jakunkuna da takalma, amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne yi wa Alƙur'anai da littattafan malamai gafaka da bango. Can na nufa ran Asabar. Ya karɓi littafin da hannu biyu, ya jujjuya shi, ya leƙa ciki.

“Wanga rubutu na ina ne?”

“Na Bangaladash ne, Malam. Na wani dattijo ne abokina, yana Umara.”

“Masha Allah. Bon, to a hidda tsumman ga a sa mishi hwata?”

“A cire shi gaba ɗaya. A yi masa aiki na gani na faɗa.”

Da bakina na faɗi haka, babu wanda ya tilasta ni. Bayan mako guda na koma karɓa. Badukun ba ya nan, telan ne ya miƙo mini a cikin takarda. Jama'a, aiki ya yi kyau. Jar fata mai laushi, an zana mata dagi a tsakiya, ga harshen rufewa, ga ƙanshin jima da ya tuna mini da Kasuwar Kurmi. Na kawo gida ina nuna wa uwargida, ta shafa ta ce, “Ya yi kyau kam.”

Ranar da Baba ya dawo aiki, na ƙosa a idar da Azahar. Muka gaisa, na yi masa barka da dawowa, ya ba ni dabino da ɗan ruwan Zamzam a ƙaramar kwalba. Sannan na ciro ƙunshin na miƙa masa, ina ta murmushi kamar wanda ya ci gasa.

Ya buɗe takardar. Ya dubi jar fatar. Ya ɗaga harshen ya buɗe, sai ga shafin ƙarshe ya fara bayyana, domin badukun ya saba da littattafan Larabci, ta dama ya yi masa fuska. Na yi dariya na ce wannan ƙaramin abu ne, sai ya riƙa juya shi. Baba bai yi dariya ba. Ya juya littafin gaba, ya juya baya, ya shafa fatar da babban yatsa kamar yadda ya saba, ya sake shafawa.

“Ina bangon?”

“Wannan tsumman? Ai an cire, Baba. Ka ga yanzu...”

“Ina yake?”

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ba tsawa ya yi ba, ƙasa-ƙasa ya yi maganar. Na ce yana wajen baduku, ko kuma an zubar.

Ya zauna a bakin kujerar mota, ƙafafunsa a waje. Ya cire tabarau. Sannan ya ba ni labarin da ya kamata in tambaya tun wata shida baya, a cikin jimloli kaɗan, yana kallon kwalta.

Littafin na yayansa ne. Yayan ɗalibi ne a jami'a lokacin da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu, shi Baba yana ɗan sakandare. Wata safiya aka wayi gari yayan ya tafi, ya bi abokansa, bai sake dawowa ba, ko gawarsa ba a gani ba. Sojoji suna bi gida-gida, kuma irin wannan littafi in aka same shi a gidanka ya isa ya jawo maka mutuwa. Maƙwabta suka yi ta ƙona nasu. Mahaifiyarsu ba ta iya karatu ba, amma ta ƙi ƙona kayan ɗanta. Ta yage asalin bangon mai jan hoto, ta yanki gefen zanenta ta ɗinke littafin da shi, don duk wanda ya gani ya ɗauka littafin addini ne. A cikin littafin ta tsinci wata takarda da rubutun yayan. Ta ji tsoron ko sunayen abokansa ne, ta ji tsoron nuna wa kowa, har shi ƙanin, sai ta cusa ta cikin bangon ta ɗinke. Ba ta faɗa masa ba sai ranar da zai taho Amurka.

“Ta ce mini takardar yayanka tana ciki,” in ji Baba. “Ina jin ta a ƙarƙashin yatsana kullum. Ban iya farke ɗinkin mahaifiyata ba tana raye. Da ta rasu kuma sai na ƙara kasawa.”

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba. Mutum ya tsallake da abu daga hannun sojoji, ya haye teku da shi, ya kare shi daga sharar 'yarsa, sai ga ni da alherina na hallaka shi cikin mako guda.

Na ce, “Baba, tashi mu je.”

Mun yi awa biyu a layi, saura ƙiris a kira mu, amma ko waiwaye ban yi ba. Ya bar motarsa a hannun wani ɗan ƙasarsu, ya shiga tawa, muka kama hanyar Harlem. Ga cunkoso a kan gada. Ni ina ta lissafi a zuci: yau kwana goma sha biyu da aka yi aikin, kuma motar shara a unguwar nan ba ta fashi. Na karanta duk addu'ar da na sani. Shi kuma yana zaune da jan littafin a cinya, yana kallon taga.

Muka iske badukun ya tafi La'asar. Muka bi shi masallacin muka yi tamu, muka dawo tare. Tun a hanya na fara yi masa bayani ina haɗa magana da magana.

“Malam, bangon nan da ka cire, tsohon ƙyallen nan, don Allah yana ina?”

Ya tsaya ya dube ni. “Tsumman? Ai kai ka ce a hidda shi. Ya tahi da shara tun wancan sati.”

Ban fassara wa Baba ba, amma ya gane, don na ga ya runtse ido. Ta faru ta ƙare.

Muka shiga shagon don dai ƙafa ta kai mu. Badukun ya aje buta, ya ce, “Amma takardar da na iske ciki tana nan. Na so in ba ka, ran da ka zo ba ni nan, daga baya na mance.”

“Takarda? Ba ka zubar ba?”

Ya kalle ni kamar na zage shi. “Wa ka yada rubutu, Alhaji? Ni ban san mi aka rubuta ba. In da sunan Allah ciki fa?”

Ya taka kujera ya sauko da wani gwangwanin biskit daga can saman kanta. Cike yake da 'yan guntayen takardu: yagaggun shafukan littattafai, tsofaffin kalandun masallaci, duk abin da ya faɗo daga kayan da ake kawo masa gyara. Ya ce haka ubansa ya koya masa, ba a barin rubutu a ƙasa, tarawa ake yi in sun yi yawa a ƙone su a wuri mai tsabta. Ya tona ya tona, ya zaro wata 'yar takarda da aka ninke huɗu, ta yi ruwan ƙasa, ta lanƙwashe da siffar littafin. Ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

Telan ya tsayar da kekensa. Baba ya daɗe yana riƙe da ita bai buɗe ba. Can ya sa tabarau, ya warware ta a hankali. Layi huɗu ne ko biyar, da fensir. Ya karanta, leɓɓansa suna motsi. Ya sake karantawa. Sai ya yi wani sauti da ban san ko dariya ce ko kuka ba, ya zauna a kan bencin badukun.

“Zo, Kwamared,” ya ce. “Zauna ka ɗauki karatu.”

Ya karanta da Bangali, ya juya mini, kamar yadda muka saba. Babu sunan kowa a ciki. Babu maganar juyin-juya-hali, babu wasiyya. Mahaifiyarsu ya rubuta wa. Ya ce ya tafi, zai dawo kafin girbin shinkafa, kada ta riƙa ajiye masa abinci. Ya ce takalmansa na fata sun matse shi, a ba ƙaninsa. Ya ce kada a bar yaron ya taɓa littafin nan sai ya gama jarrabawa.

Wannan karon ban iya cewa “Na'am” ba.

Baba ya share ido da bayan hannu. Ya ce littafin dai ya karanta shi tun kafin jarrabawar, jarrabawar kuma faɗuwa ya yi. Sannan ya ce, “Takalman nan. Mahaifiyata ta ajiye su a bakin ƙofa tana jiran ya dawo. Ni kuma ba ni da takalmi, sai in sace su in sa in tafi makaranta, in dawo in goge in mayar. Shekara biyu ina haka, ina jin kaina ɓarawo.” Ya dubi takardar. “Ashe nawa ne.”

Na fassara wa badukun. Ya ce, “Allahu Akbar. Allah shi jiƙan su.” Ya nemo wani guntun fata, nan take ya ɗinka ɗan ƙaramin kube, ya ce a sa takardar a ciki kada ta ƙarasa yagewa. Baba ya karɓa ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Na ɗauka abotarmu ta mutu daga ranar. Kwana uku ina ɓuya a majalisar shayi, in na hango shi in sunkuyar da kai. A rana ta huɗu ya aiko a kira ni. Na iske shi da ƙofar mota a buɗe, da jan littafin a hannu, ya juya shi ta baya yana neman inda muka tsaya. Ya ce, “Ka bar mutane a tsare a hannun 'yan sanda ka gudu?” Muka ci gaba. Sai da muka ƙara wata bakwai kafin muka sauke. Ranar da muka kai ƙarshe abokaina suka cika alkawarin tsiyarsu, ba rago ba dai, amma sun sayo gasasshiyar kaza aka ci a kan bonet. A duk tsawon watannin nan bai taɓa tayar da maganar bangon ba. Sai dai nakan ga babban yatsansa yana yawo a kan fatar kafin ya buɗe, yana neman abin da ba ya nan, sai in kau da kai.

Yau na daɗe da barin tuƙi, ina aikin ofis, yarana sun girma suna ba ni amsa da Turanci in na yi musu Hausa. Amma duk sanda na je JFK ɗauko baƙo, na hango motocin nan a jere, sai in ji kewar wancan zamani ta taso mini: shayi a kofin takarda, ƙarar jirage, da muryar dattijon nan yana jan baƙi cikin harshen da har yau ban san ko harafi ɗaya nasa ba. Abin da na koya ba shi da yawa, kuma uwargida ta riga ta faɗa mini shi kyauta tana yankan kuɓewa. In an ba ni ajiya yanzu, ko tsumma ne, yadda aka ba ni haka nake mayarwa. Kuma in na ga mutum yana riƙe da tsohon abu da hannu biyu, tambaya nake fara yi.

Bayan wasu shekaru Baba ya aje tuƙi, ya yanke shawarar komawa ƙasarsu. Ni na kai shi filin jirgi da safe, shi da matarsa. Da muka sauke kaya, na ga in ban yi maganar yau ba, ba zan ƙara samun dama ba. Na riƙe hannunsa na ce, “Baba, maganar littafin nan. Ka yafe mini. Har yau ban sani ba, ɓarna na yi maka ko gyara.”

Ya ce, “Na yafe tun a shagon. Ba don kai ba, da na mutu ina ɓarawon takalmi.”

Na ji sanyi a raina, har na fara murmushi. Sai ya dafa aljihun gaban rigarsa.

“Sai dai ka sani, Kwamared,” ya ce, “shekara arba'in yayana yana da sauran maganar da bai faɗa mini ba. Kullum ina cewa wata rana zan ji. Ran nan ya gama magana.”

Ya ɗauki jakarsa, matarsa ta bi bayansa, suka shiga. Na daɗe a tsaye a wurin, har ma'aikacin filin jirgi ya zo ya ce in matsar da motata.